Makonni 11 a Tsakar Gida: Yadda Iyalan Kano Suka Rayu da Ƙananan Yara a Kullen Korona

Wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Kano ya san yadda lungu yake wayar gari. Tun rana ba ta ɗaga ba yara sun cika hanya. Wannan ya rungumo kwanon koko, wancan an aike shi sayo sikari, ga 'yar talla da farantin ƙosai tana leƙa zaure bayan zaure, ga almajiri a bakin ƙofa yana neman ɗumame. Can gefe kuma muryoyin 'yan makarantar allo na tashi, kowa da inda yake biyawa.

A safiyar Juma'a, 17 ga Afrilun 2020, duk wannan hayaniya ta koma cikin gidaje. Tun ƙarfe 10 na daren Alhamis dokar kulle ta fara aiki a jihar. Uwa ta tashi ta tarar da 'ya'yanta duka a gabanta, ga ubansu a zaune, babu mai shirin zuwa ko'ina.

A gidaje da yawa daga bakin ƙaramin yaro tambayar farko ta fito: "Umma, yau ma ba za mu fita ba?" Uwa ta ce gwamnati ce ta hana, akwai ciwo a gari. Yaro ya leƙa ƙofar gida, bai ga komai ba, ya dawo ya sake tambaya.

An ce kwana 7 za a yi. Sai da aka kwashe kusan makonni 11.

An yi rubuce-rubuce da yawa kan abin da korona ta yi wa kasuwanni da farashin mai da kasafin kuɗi. Abin da ya faru a tsakar gida, tsakanin uwa da 'ya'ya huɗu ko shida, bai samu wannan kulawa ba, alhali a nan dokar ta sauke yawancin nauyinta. Yaran da ake goye da su a lokacin, yanzu suna firamare, 'yan firamaren lokacin sun shiga sakandare, kuma har yau malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suna cin karo da sawun waɗannan makonni.

Yadda aka kai ga rufe ƙofa

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 Nijeriya ta tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Makarantu aka fara rufewa, wajen ƙarshen watan Maris, wato yara sun riga iyayensu zaman gida da kusan makonni uku. Kaduna ta sa dokar hana fita ba dare ba rana tun 26 ga Maris. Ranar 30 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja.

Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, kuma ba a yi mako guda ba Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ayyana kulle. Ranar 27 ga Afrilu, bayan labarin yawan mace-mace ya cika ƙasa, Shugaban Ƙasa da kansa ya ɗora wa jihar kullen makonni biyu, daga baya aka ƙara wasu biyun. An yi ta sassautawa kaɗan-kaɗan, amma sai ranar 2 ga Yuli aka ɗage dokar gaba ɗaya.

Ɗaki ɗaya da zafin bazara

Shawarar da rediyo ta riƙa maimaitawa daidai take da abin da likitoci suka sani: a zauna a gida, a bar tazara, a yawaita wanke hannu da sabulu, wanda ya ji zazzaɓi ya keɓe kansa a ɗaki daban. Inda gizo ke saƙa shi ne irin gidan da masu tsara ta suka ayyana a ransu. Gida ne mai famfo da firji da ɗakin da ya rage, wanda albashi ke shigowa cikinsa ƙarshen wata, ko an fita ko ba a fita ba.

Akwai irin wannan gida a Nasarawa da wasu sababbin unguwanni. Amma a Kurna da Brigade da Rimin Kebe da Ɗorayi da Sheka, gidan haya ya fi yawa: iyali biyar ko takwas, kowanne da ɗaki ɗaya ko ciki da falo, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya ko biyu. A cikin birni kuma gidan gado ne, kaka da 'ya'ya da surukai da jikoki, sashe na kallon sashe.

Irin waɗannan gidaje suna ɗaukar mutanensu ne domin da rana rabin mutanen ba sa nan. Maza na kasuwa, yara na makaranta ko suna lungu. Da aka mayar da kowa ciki a lokaci guda, sai ƙanƙantarsu ta fito fili.

Ga shi kuma a Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke kaiwa 40 ko ya haura. Rufin kwano ya ɗau zafi tun hantsi, wuta ta zo ta tafi, jariri ya cika da ƙurajen zafi yana kuka, mai rarrafe na neman hanyar murhu, 'yan shekara biyar da bakwai na dambe a kan tabarma ɗaya. Da dare kowa ya fito da shimfiɗarsa tsakar gida, domin ɗaki ba ya kwantuwa. Maganar tazara ba ta ma taso ba.

Ruwa shi ma a waje yake. Unguwanni da dama a hannun 'yan garuwa suke sha, masu tura kura ɗauke da jarkoki. Da zirga-zirga ta yi wuya, ruwan ya yi tsada, kuma uwa ce ke zama ta raba jarka ɗaya: na sha, na girki, na alwala, na wanke kashin jariri. Wanke hannun yara shida sau da yawa a yini daga cikin wannan jarkar zai fito.

Shi ya sa manyan tituna suka yi wayam, amma lunguna ba su daɗe a rufe ba. Bayan 'yan kwanaki 'yan mata suka koma carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida, maza suka koma langa, samari suka mayar da titin da babu mota filin ƙwallo. An yaɗa bidiyon wasu suna ihun "babu korona", aka yi ta zagin Kanawa da taurin kai. Taurin kan akwai shi, kuma ya yi ɓarna. Amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin riƙe ɗan shekara shida a ɗaki mai rufin kwano da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu ya san da yawa daga iyayen nan ba su da wata mafita.

Yaro ne ƙafar uwarsa

Akwai wani ɓangare na tattalin arzikin Kano da ba ya shiga lissafin hukuma, kuma a bayan ƙyaure yake. Matar aure da ba ta fita tana soya awara ko wainar fulawa, tana dafa ɗanwake da alala, tana dama fura, tana ƙulla gishiri da kuka da daddawa, tana ɗinkin hula, tana kitso. Da ribar take zubin adashi, take sayen sabulu da takalmin yara, take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Duk wannan sana'a a kan ƙafar yaro take tafiya. Shi ke sayo kayan haɗi, shi ke kai niƙa, shi ke ɗaukar talla, shi ke karɓo bashi, shi ke kai saƙo gidan maƙwabta ya dawo da amsa. Wata mai binciken al'adu daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kano a shekarun 1970, ta rubuta yadda yara suke haɗa matan da ke cikin gida da kasuwar da ke waje. Abubuwa da yawa sun canza tun lokacin, amma wannan igiya ba ta tsinke ba.

Dokar kulle ta yanke ta ta fuska biyu. An hana yaro fita, sannan masu sayen ma sun ɓace: babu 'yan makaranta a bakin get lokacin tara, babu leburori a wurin gini, babu 'yan adaidaita sahu a tasha, babu majalisar yamma. Mai awara ta soya rabin abin da ta saba, ya kwana. Kashegari ta ba 'ya'yanta suka ci. Bayan mako biyu jarin ya shige ciki.

Wannan asara ce da maigida ba kasafai yake ganinta ba, domin ba daga aljihunsa ta fita ba. Amma kuɗin nan ne da ma yake cike giɓin cefane a ranar da bai samo ba. Kuma da jari ya karye adashi ya tsaya, wadda kwasarta ta zo ba ta samu ba, rigima ta shiga tsakanin matan da suka shekara suna rufa wa juna asiri.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta wayar tarho tare da Bankin Duniya a Afrilu da Mayun 2020 ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 na masu aiki kafin annobar sun daina aiki, kuma kusan gida 8 cikin 10 sun ce abin da ke shigo musu ya ragu. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya, kuma masu waya kaɗai ya ji ta bakinsu.

Litinin da Alhamis

A farkon Mayu gwamnatin jiha ta ware ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, domin mutane su fita sayen abinci. Daga baya aka mayar da su Lahadi da Laraba da Juma'a. Rayuwar gida ta koma tana juyawa a kan waɗannan ranaku, har ƙananan yara suka iya lissafinsu.

Mai albashi ya yi awon mako a sa'o'i shida. Mai neman na yau da gobe kuwa, a cikin sa'o'in nan shida ake so ya nemo kuɗin, sannan ya yi cefanen da su, a kasuwar da kowa ya afka mata lokaci guda kuma farashi ya tashi. Cunkoson da aka riƙa yi a waɗannan ranaku shi ne ainihin abin da dokar ke gudu. Wanda ya makara a hanya kuma, ga shingen jami'an tsaro, ga kotun tafi-da-gidanka.

An yi rabon tallafi. Gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunta, jihar Kano ta fara da rukunin gidaje kusan 50,000, attajirai da ƙungiyoyi ma sun raba nasu. A jihar da mutanenta suka haura miliyan 10, yawancin gidaje labari kawai suka ji. Da aka fasa rumbunan kayan tallafi a garuruwa irin su Jos da Kaduna da Yola a watan Oktoba, aka ga buhuna jibge, mutane da yawa sun tuna daren da suka kwantar da 'ya'yansu da ruwan kunu.

Abin da ya riƙe mutane a zahiri shi ne maƙwabtaka. Kwanon tuwo ya ci gaba da ƙetare katanga, mai shagon unguwa ya buɗe littafin bashi ta ƙofar baya, ɗan'uwa mai hali ya aiko da kwanon gero. A cikin gida kuma tsarin da aka saba ne: yara su fara ci, maigida ya ci, uwa ta kankare tukunya. Mai shayarwa ma haka ta yi.

A bakin mutane kalma ɗaya ce ke yawo, cewa yunwa ta fi korona. Wasu kuma na kiranta cutar masu kuɗi, tunda sunayen da aka fara ji na masu hawa jirgi ne.

Maigida a gida

A al'adar gari, namiji ya ba da kuɗin cefane da safe ya fita, sai dare. Ko ya dawo da wuri, ƙofar gida ko majalisa yake zama. Magidanta da yawa sai a kullen nan suka ga yini guda cur na gidansu tun daga farko har ƙarshe: shara, wanke-wanke, wanka wa yara uku, hura wuta, rarrashi, raba faɗa, sake hura wuta.

A wasu gidajen wannan ya zama alheri. Uba ya ja iyalinsa salla a tsakar gida, ya karɓi allon ɗansa ya ji inda ya tsaya, ya gano cewa 'yarsa ta aji uku ba ta iya haɗa baƙi ba. Wasu sun fara riƙe jariri har ya yi barci a kafaɗarsu. Inda akwai tsohuwa a gida, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici sun dawo da daddare, musamman idan babu wutar da za a kalli Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a tashar Arewa24.

A wasu gidajen kuwa abin ya zama wuta. Mutumin da ya saba shi ke bayarwa ya wayi gari ana tambayarsa a gaban 'ya'yansa babu abin da zai miƙa. Kunya ta koma fushi, fushin ya sauka a kan wanda ya fi kusa. Yaro ya zubar da ruwa ya sha dukan da ya fi laifinsa. Mace kuma babu hanyar yaji, babu zuwa wurin uwa ko yaya ta huce ta dawo. Mai mata biyu a unguwanni daban-daban ya shiga wata matsalar ta rabon kwana, domin inda dokar ta ritsa da shi nan zai zauna, ɗaya gidan kuma yara na tambayar ina Baba.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. A watan Yunin 2020 Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata da yara, bayan rahotanni sun yi yawa daga sassan ƙasar. Yarinyar da mai cutar da ita yake cikin gidansu ko gidan da ke jikin nasu, makaranta da Islamiyya ne wuraren da wani babba zai iya lura da canji a tare da ita. Duka a rufe suke.

Azumi babu masallaci, Salla babu hawa

Mako guda da fara kullen aka ga watan Ramadan, aka tashi da azumi ranar 24 ga Afrilu. An sassauta dokar yini guda kafin nan domin a yi cefanen azumi. Amma babu tarawihi a masallaci, babu zaman tafsiri sai ta rediyo da talabijin, kuma abincin buɗe-baki da ake rabawa a ƙofar masallatai da gidajen masu hali, wanda gidaje da yawa ke aika yara su karɓo, ya ja baya. Dokar ba ta bar wurin yawon tashe ba, wanda yara ke ɗokinsa tun daga goma ga wata.

Malamai sun rabu. Da yawa sun goyi bayan matakin, suna tunatar da koyarwar Musulunci cewa garin da annoba ta sauka ba a shigarsa, na ciki kuma ba ya fita. Wasu suna ganin tunda ana buɗe kasuwa sau biyu a mako, babu hujjar barin masallacin Juma'a a rufe. Daga ƙarshe gwamnatin jiha ta amince da sallar Juma'a da ta Idi, duk da cewa kwamitin shugaban ƙasa kan korona bai so haka ba.

An yi Ƙaramar Salla ranar Lahadi, 24 ga Mayu. Da ita ce Sallar farko da Sarki Aminu Ado Bayero zai hau, bayan naɗinsa a watan Maris, amma aka soke hawan. Ga yaron Kano, Salla tana nufin sabon ɗinki, da kallon dawakai a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da yawon gidajen dangi ana karɓar goron Salla. A shekarar nan teloli ba su samu ɗinki ba, iyaye da yawa suka wanke na bara suka goge.

Kakanni

A makonnin ƙarshe na Afrilu masu haƙa kabari suka fara faɗin cewa gawar da ake kawowa ta wuce yadda suka saba. Yawanci dattawa ne, cikinsu har da malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata da masu sarauta. A lokacin ne ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na 'yan kwanaki, asibitocin kuɗi da dama suka rufe ko suka daina karɓar marasa lafiya. A watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce bincike ya gano mutuwar mutum kusan 1,000 a wannan tsakanin, kuma rabi ko fiye na iya zama da alaƙa da korona.

Cutar ba ta cika kwantar da ƙananan yara ba, tsofaffi take kayarwa. A gidan Bahaushe kuma babu wanda ya fi kusa da tsoho kamar jika. A ɗakin kaka ake kwana bayan yaye, a kwanonta ake ci, wurinta ake gudu idan an yi laifi. Shawarar likita ita ce a raba su. Gidaje ƙalilan ne suka iya, kuma inda aka gwada, tsohuwar ce ke fara cewa a bar mata jikanta.

Yaran da suka rasa kakanninsu a lokacin ba su ga zaman makoki yadda aka saba ba. Dangi na nesa ba su iso ba, ta waya aka yi ta'aziyya. Haka jariran da aka haifa a watannin: an yi suna da mutum kaɗan, kuma masu jego da yawa ba su samu uwa ko gwaggon da za ta zo ta yi musu wankan jego ba, tunda an rufe hanyoyin shiga jihar.

Ta bakin likitoci

Ma'aikatan lafiya suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. A Afrilun 2020 babu rigakafi, babu maganin da aka tabbatar, kayan gwaji kaɗan ne, gadaje masu iskar numfashi ba su taka kara sun karya ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da dama a Kano sun kamu. A ganinsu kullen lokaci ya saya, har aka buɗe cibiyoyin killace marasa lafiya irin ta Kwanar Dawaki da ta filin wasa na Sani Abacha, aka ƙara ɗakunan gwaji.

Amma su ma sun san farashin da yara suka biya. Uwa ta ji tsoron kai ɗanta asibiti kada a ce korona ce a killace su, ko kuma ta rasa abin hawa. Awon ciki ya tsaya. Allurar rigakafi da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, da ta ƙyanda a wata na 9, ta wuce yara da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 23 a duniya ba su samu cikakkun muhimman alluran rigakafi ba a 2020.

Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo, mai toshe maƙogwaron yara, ta ɓarke a Nijeriya, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Yawancinsu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Ƙarancin rigakafi a Arewa ya girmi korona, amma watannin kullen sun faɗaɗa ramin.

A ganina ba rufe gari ne babban kuskuren ba. Kuskuren shi ne rufe shi ba tare da an fara tambayar ta ina ruwa da hatsi za su shiga lungu ba. Kano na da masu unguwanni da dagatai da limamai da suka san kowane gida, da ma'aikatan rigakafin shan-inna da suka shekara suna bi ƙofa-ƙofa. Da ta hannunsu aka bi tun ranar farko, da tankar ruwa da kwanon gero, da iyaye sun fi samun ƙarfin riƙe 'ya'yansu a ciki.

Yaran da ba su da gidan zama

Umarnin zama a gida bai ce komai ba game da almajiri, wanda zaure ne makwancinsa, abincinsa kuma ragowar gidajen unguwa. Da gidajen suka shiga matsi, ragowar ta ƙare. Matan da ke da almajirin gida, mai ɗebo ruwa da zuwa aike, su ma sun rasa shi.

A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Kano ta kwashi ɗaruruwa zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi, ita ma aka kawo mata nata. Yara ne, wasu ba su kai shekara 10 ba, aka cusa su a motoci a lokacin da ake gaya wa kowa ya bar tazara. Kaduna ta sanar da cewa gommai daga cikin waɗanda aka kai mata suna ɗauke da cutar. Da kura ta lafa, da yawansu suka koma wurin malamansu.

Karatu ta rediyo, da komawa aji

Gwamnatocin jihohi, har da Kano da Kaduna, sun sa darussa a rediyo da talabijin. Makarantun kuɗi suka riƙa tura aiki ta WhatsApp, ƙalilan suka gwada Zoom. A gidan da uwa ta yi boko kuma akwai kuɗin data, an ɗan taɓa. A gidan da waya ɗaya ce, a aljihun maigida take, cajinta kuma sai an kai shago, maganar ba ta je ko'ina ba. Darasin rediyo na iya amfanar ɗan sakandare da ke shirin jarrabawa. Ɗan aji ɗaya da ke koyon riƙe fensir sai da babba a gefensa, babbar kuma tana bakin murhu. Binciken Hukumar Ƙididdiga ya nuna kusan gida 4 cikin 10 masu 'yan makaranta sun ce yaransu ba su yi wani karatu ba a makon da aka tambaye su.

Malaman makarantun kuɗi sun yi watanni babu albashi, wasu suka koma koyar da yaran maƙwabta a zaure kan ɗan abin da ya samu. Da aka zo komawa, gwamnatin Kano ta nemi masu makarantun su rage kashi 25 cikin 100 na kuɗin zango, aka yi ta ja-in-ja.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a farkon Agusta domin jarrabawar WAEC. Ƙananan yara kuwa sai Oktoba, bayan fiye da watanni 6. Shekara guda ke nan da Kano ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole, a Satumbar 2019, wanda ya cika azuzuwa da yaran da su ne na farko a gidansu da suka fara shiga aji. Irin waɗannan yaran ne suka fi saurin mantawa, domin babu mai yi musu bita a gida. Malaman firamare suka tarar da wanda ya iya rubuta sunansa a Maris yana neman a sake nuna masa.

Wasu kujerun kuma ba a dawo kansu ba. An kai yaro wurin mai gyaran babur ko shagon kawunsa lokacin zaman banza, ya fara kawo 'yan kuɗi, aka ga babu dalilin cire shi. Uwar da jarinta ya karye ta ranto wani ta sake kafa kasko, kuma kafin ta biya bashin tana buƙatar mai ɗaukar talla safe da yamma. Babbar 'yarta ce ta ɗauka, ƙannenta suka tafi makaranta.